Kafin ku kai yaro makarantar mishan, ku yi waɗannan tambayoyi

Yau zan ɗan kauce daga zancen ƙwayoyi da allurai, ko da yake za ku ga ban yi nisa da su ba.

Kwanakin baya wata baiwar Allah da ta saba sayen maganin asmar 'yarta a kantin maganin da nake aiki a nan Mpape ta tsaya bayan na sallame ta. Ta ce, "Ƙanwata, ki ba ni shawara. Yarinyar nan bana za ta gama firamare. Babanta ya nace sai makarantar 'yan Katolika, wai can ake samun karatu da tarbiyya. Ni ban ƙi ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya." Na ce, "Hajiya, me kike tsoro?" Ta ce, "Mu a gidanmu ba a dukan yara. Yarinya tana sallarta, tana kuma tambayar duk abin da ba ta gane ba, har babanta takan yi wa gardama cikin ladabi. Ba na son a dawo min da ita ta zama kurma, ko a hana ta sallah. Ga kuma asmar nan."

Na san ba ita kaɗai ke cikin wannan tunani ba. Akwai gidaje da yawa a Abuja, na Musulmi da na Kiristocin da ba 'yan Katolika ba, masu riƙe da addininsu amma masu sassaucin ra'ayi, waɗanda ke son 'ya mace ta yi karatu daidai da ɗa namiji, yaro ya yi cuɗanya da kowa, ya kuma saba da yin tambaya. Irin waɗannan gidaje su ne makarantun mishan suka fi jan hankalinsu, kuma su ne suka fi shiga ruɗani idan lokacin zaɓe ya zo.

Kai 'ya'yan Musulmi makarantar mishan ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun a 1948 sistocin St. Louis daga ƙasar Ireland suka iso Kano, kuma makarantarsu ta 'yan mata da ke Bompai ta yaye 'ya'yan Musulmi masu yawa. A Kaduna, makarantar da muke kira Rimi College a yau asalinta St. John's College ce, ita kuma Queen Amina asalinta Queen of Apostles ce, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Cocin Katolika ma a hukumance, tun a sanarwar da babban taronta na Vatican ya fitar a 1965, ta bayyana cewa tana girmama Musulmi. To amma abin da aka rubuta a birnin Rum daban, abin da uwar ɗakin kwana za ta gaya wa 'yarki da asuba daban.

Shi ya sa abu na farko da na gaya wa Hajiya shi ne, makarantun nan ba ɗaya suke ba. A nan Abuja akwai Loyola Jesuit College da ke Gidan Mangoro, wadda limaman Jesuit suka buɗe a 1996, ta kwana ce, maza da mata. Akwai Regina Pacis ta 'yan mata a Garki, akwai Christ the King ta maza a Gwagwalada, ga kuma ƙananan makarantu da ke maƙale da coci-coci a unguwanni. Wasu na ƙarƙashin babban limamin Katolika na Abuja ne, wasu na ƙungiyoyin fada-fada ko na sistoci, kuma kowace da dokokinta da halin shugabanta. A sana'armu mukan ce maganin da ya warkar da maƙwabciyarki zai iya kwantar da ke, don haka ba a sha sai an karanta takardar da ke cikin kwalin. Makaranta ma sai an karanta takardar dokokinta, an kuma je an gani da ido.

Tambaya ta farko ita ce ta ibada. Ku tambaya kai tsaye: shin dole ne kowane ɗalibi ya shiga ibadar coci? Idan dole ne, zama kawai zai yi ko har da durƙuso da amsa addu'a? Akwai wurin da yaro Musulmi zai yi salloli biyar? Ana barin maza su je Juma'a? Wa ke koyar da darasin addinin Musulunci, tunda darasi ne da ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadarsa ba idan ba nasa ba ne, ko iyayensa ba su amince ba. Amma wannan sashe ɗin dai ya ba wa kowace ƙungiyar addini damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya. Kuma ranar da rigima ta taso, abin da makaranta za ta fara zaro muku shi ne takardar da kuka sa wa hannu ranar rajista. Don haka kada ku sa hannu a tsaye a ofishin karɓar kuɗi. Ku kai ta gida, ku karanta ku biyu.

Haka zancen hijabi. Mutane da yawa suna tuna hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2022 da ya tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sa hijabi, amma wannan shari'a a kan makarantun gwamnatin jihar Legas aka yi ta. Mun kuma ga yadda rikicin hijabi ya sa gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 masu asali da mishan a Ilorin a 2021. Kada ku bari 'yarku ta zama ita ce filin daga. Idan hijabi sharaɗi ne a gidanku, ku tambaya tun kafin ku sayi fom. Idan aka ce babu, ku yi godiya ku nemi wata.

Tambaya ta biyu ta abinci ce da azumi. Wa ke kawo nama, kuma wa ke yankawa? Ana dafa naman alade a kicin ɗin? 'Yan Katolika sun san azumi, suna da nasu na kwana 40 kafin Ista, amma siffarsa ba irin ta Ramadan ba ce. A makarantar kwana, ku tambaya ko ana tanadar sahur da buɗa-baki, ko kuwa yaro zai riƙa ɓoye biredi a akwati. Yaro mai tasowa da ke azumi ba sahur, ga karatu ga wasanni a zafin Abuja, jiri da ciwon kai ne za su biyo baya.

Ta uku ita ce wadda ta fi shafar aikina. Ku ce a nuna muku ɗakin shan magani. Akwai nas da ke kwana a makarantar? Wane asibiti suke kai yaro cikin dare, kuma da wace mota? Suna gwada jini kafin su ba da maganin zazzaɓin cizon sauro? Makarantu da yawa, na mishan da waɗanda ba na mishan ba, suna karɓe duk magani su kulle a kabad don gudun shaye-shaye. Niyyar mai kyau ce, amma ga mai asma hatsari ce. Abin shaƙa mai buɗe ƙirji, irin Ventolin, wurinsa aljihun yaro ne, domin idan numfashi ya sarƙe da ƙarfe biyun dare ba lokacin neman mai riƙe da makulli ba ne. Mu mazauna Mpape mun san wannan ciwo sarai saboda ƙurar wuraren fasa dutse. Idan kuma yaronku mai sikila ne, ku tabbatar za a bar shi ya sha ruwa a aji, ba za a sa shi wanka da ruwan sanyi a lokacin hunturu ba, ba za a ba shi horon gudu ko tsallen kwaɗo ba, kuma wani zai lura yana shan folic acid da sauran magungunansa kullum. Ku kai takardar likita, ku sa a rubuta yarjejeniyar a fayil ɗin yaron.

Ta huɗu, wadda iyaye ke jin nauyin yi, ita ce ta balaga. Cocin Katolika tana koyar da kame kai har zuwa aure, kuma a nan mun yi tarayya. Tana kuma adawa da magungunan tazarar haihuwa na zamani, matsayin da Fafaroma Paul na shida ya jaddada a 1968. Ba ta yarda da saki ba, ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba. Wannan aƙidarsu ce, ba wanda zai ce su canza. Amma idan yaronku ya fito daga gidan mata biyu, ko mahaifiyarsa ta rabu da mahaifinsa, ku tambaya yadda malamai ke gabatar da waɗannan darussa, don kada ya zauna a aji yana jin kamar gidansu ake zagi. Ku tambaya wa ke yi wa 'yan mata bayanin jinin al'ada, ko akwai ƙunzugu da maganin ciwon mara a hannun nas, da kuma wanda yarinya za ta kai wa ƙara idan wani babba ya taɓa ta inda bai dace ba. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta a Nijeriya. Ku ji ko makarantar tana barin ma'aikatan lafiya su shigo, kuma ko tana neman izinin iyaye tukuna. Idan ba ta yi, ku kai 'yarku asibitin sha-ka-tafi da kanku lokacin hutu.

Ta biyar ita ce horo. Kada ku tambayi shugabar makaranta ko ana duka, domin amsar da za ta ba ku kun riga kun san ta. Ku tambayi ɗalibai da iyayen da 'ya'yansu suka shekara biyu a wurin, musamman iyayen da addininsu ya zo ɗaya da naku. Ku lura da yaran da kuka gani a harabar: suna gaishe ku da sakin fuska, ko suna maƙewa idan malami ya gifta? Ku tambaya ko an taɓa naɗa wanda ba ɗan Katolika ba shugaban ɗalibai. Amsar wannan takan nuna muku matsayin da yaronku zai samu.

Sai kuma nisa. Duk wanda ya taɓa sauka daga tudun Mpape da safe ya san cunkoson hanyar nan. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Idan makarantar jeka-ka-dawo za ta sa a tashe shi ƙarfe huɗu da rabi kullum, ya dawo bayan magariba, to ina lokacin Islamiyya, ina na hira da iyaye? Ku sa wannan a ma'auni tare da kuɗin makaranta.

Hajiya da maigidanta sun je makarantu biyu da waɗannan tambayoyi a rubuce. A ta farko an karɓe su da mutunci, aka gaya musu gaskiya cewa kowa sai ya shiga coci, kuma magani a hannun nas yake kwana. Ba su yi fushi ba, don wanda ya gaya maka gaskiya tun farko ya taimake ka. A ta biyu, sistar da ke shugabanta ta zagaya da su da kanta, ta nuna musu ɗakin da ɗalibai Musulmi ke sallar azahar, ta kuma rubuta a fayil cewa yarinyar za ta riƙe abin shaƙarta. Ta biyun ba ta kai ta farkon suna ba, kuma jeka-ka-dawo ce. Ita suka zaɓa. Maigidan ya so ta farkon saboda sakamakon jarrabawarta, sai da aka yi mako guda ana tattaunawa kafin ya yarda.

Na tambayi Hajiya ko sun ji ta bakin yarinyar. Ta yi dariya ta ce ai ita ce ta fi kowa yi wa sistar tambayoyi. Ku ma ku tafi da yaranku ranar ziyara, domin su ne za su shekara shida a wurin. Bayan an shiga kuma kada ku naɗe hannu. Ku riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ku riƙa tambayar yaro abin da aka koya masa, ku ci gaba da karantar da shi addininsa a gida. Idan kuka ga yaro mai surutu ya koma shiru, ko ya fara ciwon ciki duk ranar Litinin da safe, ku zauna da shi ku ji dalili. Canza makaranta a tsakiyar shekara ba abin kunya ba ne.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani da lafiya mai ɗorewa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba magungunan da ya kamata a sa wa yaro a akwatin makarantar kwana da waɗanda bai kamata ba.