Na'ura Uku Sun Yarda, Wa Ya Gwada?

Daga Ƙofar Wambai har zuwa Yelwa, inda ɗaliban jami'ar ATBU suke, matasanmu masu rubuta manhaja sun shigo da sabon salo. Matashi zai rubuta wa wata makaranta manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, ya ba ChatGPT ya duba, ya kai wa Claude, ya ƙarasa da Gemini. Da zarar waɗannan na'urorin AI ukun sun ce babu matsala, sai ya miƙa aiki ya karɓi kuɗinsa.

Dabarar tana da amfani, musamman ga wanda ba shi da babba a sana'ar da zai duba masa aiki. Sau da yawa abin da ɗaya ya tsallake, ɗayan zai kama. Damuwata ita ce yadda ake ɗaukar yardar ukun a matsayin hujja.

Tun a 1986 masana biyu a Amurka, John Knight da Nancy Leveson, suka sa aka rubuta manhaja ɗaya sau 27, kowane marubuci shi kaɗai. Da aka gwada, sai aka tarar da dama daga cikinsu suna tuntuɓe a wuri ɗaya. Idan haka ta faru da mutane, ina ga na'urorin da mafi yawan karatunsu daga intanet ɗaya suka ɗebo shi? Shaidu uku da suka ji labari daga baki ɗaya, ai shaida ɗaya ne.

Sannan akwai abin da sai ɗan gari ya sani: sabis yakan ɗauke ana tsakiyar biyan kuɗi, uba yakan biya kuɗin makaranta kashi uku, sunan Ɗanlami yakan fito a hargitse a takardar sakamako saboda ƙugiyar harafi. Idan ba ka faɗa wa na'urar ba, da wuya ta tambaya.

Kuskuren manhaja kuwa mutane yake cuta. A watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, sai da aka sake musu jarrabawa.

Don haka, 'yan'uwa matasa, ku tambayi na'ura ko guda nawa ne, amma ku karanta kowane gyara har ku fahimce shi, ku gwada da hannunku, ku nuna wa wani ɗan sana'a. Kada kuma ku zuba mata sunaye da lambobin jama'a, domin dokar kare bayanai ta 2023 tana kanku. Ranar da manhaja ta kayar da ɗan wani, ku za a nema.