Masu gyaran kwamfuta, ku daina ɗura mana abin da ba mu nema ba

Akwai wani ɗan saƙo da kan leƙo a gefen allon kwamfuta, yana cewa an toshe wani adireshi da burauzarka ta yi yunƙurin tuntuɓa. Mutane da yawa sun saba da shi har sun daina karantawa, wasu ma hankalinsu kwanciya yake yi, tunda an ce an toshe. Ni kuwa duk lokacin da na gan shi sai hankalina ya tashi. Kai ba ka buɗe wannan shafin ba, ba ka ma taɓa jin sunansa ba, to wa ya neme shi? Mai yiwuwa wani abu ne ke zaune a cikin na'urarka yana aika saƙo waje da datarka. Yau an tare shi, gobe zai sauya adireshi ya wuce.

Sana'ata buga takardu ce a kusa da wata makarantar gaba da sakandare, don haka kullum kwamfutocin ɗalibai da malamai na ratsa hannuna. Kwanakin baya wata malamar firamare ta kawo tata, ta ce: “Malam, duba min wannan abar, ta yi nauyi, kuma data ba ta kwana.” Da na buɗe Chrome, shafin farko ba wanda ta saba gani ba ne, wani shafin bincike ne mai baƙon suna. Na rubuta sakamakon NECO, sai ga tallan caca jere a sama kafin a kai ga abin da ake nema. Ana haka sai hoton wata mata da ba ta da cikakkiyar sutura ya faɗo daga kusurwa. Malamar ta kau da kai, ta ce wallahi shi ya sa ta daina buɗe ta a gaban 'ya'yanta. Na shiga wurin da ake kira Extensions, inda ƙananan manhajojin da ake maƙala wa burauza ke zama, na tarar da waɗanda ba ta san da su ba. Ɗaya na iƙirarin yana sauya takarda zuwa PDF, amma izinin da aka ba shi ya haɗa da karantawa da sauya duk abin da ke kowane shafi ta buɗe. Wato har da imel ɗinta, har da shafin bankinta.

Ba ita ta saka su ba. Ta kai kwamfutar wani shago ne a sa mata Office, aka sa mata wanda aka fasa, aka kashe Microsoft Defender don kada ya hana, ba a kuma mayar da shi ba. Wannan ita ce ɗabi'ar da nake kuka da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan da hannun mai gyara aka tsaga shi, an kuma karɓi kuɗin aiki a kai.

Kada wani ya ɗauka ƙaramin abu ne na 'yan talla. A Disambar 2020 kamfanin Microsoft ya bayyana wata muguwar manhaja da ya kira Adrozek, wadda ke shiga Chrome da Edge da Firefox da Yandex ta cusa tallace-tallace cikin sakamakon bincike. A watan Agusta na shekarar, lokacin da ta fi ƙamari, ana ganinta a na'urori sama da 30,000 kowace rana. A Firefox ba ta tsaya kan talla ba, har kalmomin sirrin da mutum ya ajiye take kwashewa. Shawarar da Microsoft ya bayar ita ce a sake saka burauzar gaba ɗaya, saboda ɓarnar ta yi zurfi. Wanda ya iya cusa maka talla a shafin da kake karantawa, ba abin da zai hana shi ganin abin da kake rubutawa a ciki.

Na san amsar da 'yan uwana masu gyara za su ba ni: mutane ba su da kuɗin sayen na gaskiya, kuma in ka ƙi yi, na kusa da kai zai yi. Gaskiya ne, abin ya yi tsada. Amma LibreOffice kyauta ne, yana buɗe takardun Word da Excel, ya kuma ishi malamar da ke rubuta jarabawar aji huɗu. In kuma mai kaya ya dage sai wanda aka fasa, aƙalla a gaya masa haɗarin da ke ciki, ya zaɓa da saninsa. Amana ce aka ba ka. Mutum ya miƙa maka na'urar da hotunan iyalinsa da lissafin kasuwancinsa ke ciki, bai kamata ya karɓe ta da baƙon da bai gayyata ba.

Ba na ɗora wa masu gyara laifin duka. Mu ma da hannunmu: shafin sauke fina-finai ya ce ka danna Allow kafin ka ci gaba, ka danna, daga ranar ka ba shi izinin turo maka sanarwa ko ba ka kansa. A waya kuma, wani ya tura maka WhatsApp ɗin da aka yi wa kwaskwarima ta Xender, ka saka don ka riƙa ganin saƙon da aka goge. Wani lokacin ma daga kamfani abin ke fitowa. A 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton gano miyagun manhajojin Triada da xHelper a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Masar da Ghana da Kamaru, suna yi wa mutane rajistar abubuwan biya a ɓoye, katinsu na ƙarewa. Transsion, mai Tecno, ya ce wani daga cikin masu kawo masa kayan haɗi ne ya jawo, ya kuma fitar da gyara. Abin da ya fi ɗaga hankali game da xHelper shi ne ko an goge wayar tas yana dawowa.

Shi ya sa “a yi mata fomat” ba kullum ne magani ba, balle in da filas ɗin da ya kawo cutar za a sake ɗura manhajojin. Yawancin lokaci ma ba a buƙatarsa. A kwamfutar malamar, jerin manhajojin da ke cikin Windows na fara buɗewa, na tsara su bisa ranar da aka saka, sai ga baƙin sunaye sun jeru a ranar da ta je shagon. Bayan na cire su na koma burauza na goge waɗancan maƙale-maƙalen, na soke izinin sanarwa na shafukan da ba ta sani ba, na danna Reset settings. Inda mutane suka fi mantawa shi ne Task Scheduler, domin a nan irin waɗannan manhajoji ke ajiye umarnin da zai sake sauko da su bayan ka kashe ka kunna. Haka in burauzar kwamfutarka ta gida ta rubuta cewa wata hukuma ce ke kula da ita, alhali ba ta ofis ba ce, to da walakin. Na kunna Defender, na bi da AdwCleaner na Malwarebytes, wanda kyauta ne, aka tsince ragowar. Abu ɗaya nake roƙo: duk shafin da ya faɗo yana ihu cewa na'urarka ta kamu, ka danna nan a wanke ta, kada ka taɓa shi. Shi kansa tarkon ne.

Cirewa kuma rabin aiki ne. Duk kalmar sirrin da aka rubuta a kwamfutar tun ranar da baƙon ya shiga, a ɗauka ta fita. Na sa malamar ta sauya ta imel da farko, domin da ita ake ƙwace sauran, sannan ta banki da ta Facebook, ta kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin masu waya da kwamfuta ne, daga Farm Centre da titin Beirut a Kano har zuwa sauran kasuwanninmu: ku kafa wa mambobinku ƙa'ida cewa ba a miƙa wa mutum na'urarsa da kariyarta a kashe, ba a kuma saka masa abin da bai nema ba. Kai kuma mai karatu, duk ranar da ka karɓo kwamfutarka daga gyara, kafin ka bar shagon ka ce a nuna maka abin da aka saka, ka kuma duba da idonka cewa Defender a kunne yake.