A Jikin Wa Aka Gwada Ma'aunin?

Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa, ta haska jan haske ta cikin fata, ta nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa. Tun zamanin korona ta bazu, har ta fara kaiwa asibitocin karkara. Idan uwa ta goyo ɗanta daga Sisawa ko Gandi a karkarar Sakkwato yana numfashi sama-sama, lambar da na'urar ta nuna ita ke yanke hukunci, domin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa wa yaro oksijin idan lambar ta gaza 90. To, a watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da gwajin jinin da aka ɗebo daga jijiya. Cikin waɗanda ta ce suna tsakanin 92 da 96, wato babu fargaba, kashi 11.7 cikin ɗari na baƙaƙen fata iskar jininsu ta riga ta faɗi ƙasa da 88. A fararen fata kashi 3.6 ne. Kuskurenta a kan baƙi ya ninka sau uku, kuma ta ɓangaren da ya fi haɗari yake zuwa: ta ce lafiya lau alhali jiki na neman ɗauki. Wannan na'urar fa ake dogaro da ita a Najeriya, ƙasar da UNICEF ta ƙiyasta cewa ciwon huhu ya kashe mata ƙananan yara 162,000 a shekarar 2018 kaɗai.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Baƙar fata tana shanye wani kaso na hasken, ita kuwa na'urar a jikin 'yan sa-kai aka daidaita lissafinta, yawancinsu farare. Ƙa'idar da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar a 2013 ta wadatu da a gwada a kan mutum goma, biyu daga cikinsu masu duhun fata. An kuma san da matsalar tun 1990, lokacin da wasu likitoci biyu, Jubran da Tobin, suka rubuta a kai, aka yi shekara talatin ba a magance ta ba. Ba a buƙatar wani injiniya mai ƙin baƙar fata kafin haka ta faru. Ya isa a ce waɗanda ke zaune a teburin shawara, duk lokacin da aka ce "mutum", kamar kansu suke hangowa.

Wannan shi ne ƙashin bayan wani nazari da malaman shari'a baƙaƙen fata na Amurka, irin su Derrick Bell da Kimberlé Crenshaw, suka gina daga shekarun 1970 zuwa 1989. Sun lura an soke dokokin wariya amma bambancin bai gushe ba, sai suka ce a daina tsayawa kan zuciyar ɗaiɗaikun mutane, a bi dokoki da tsare-tsare da ma'aunai, domin can wariya ke kwanciya ta ci gaba da aiki bayan masu ita sun mutu. A Amurka nazarin ya zama abin rigimar siyasa, wasu jihohi sun hana koyar da shi a makarantu. Rigimarsu ce, ban ga dalilin da za mu ɗauko ta ba. Abin da na ga ya kamata mu ɗauka tambaya ce guda: wannan abin da ake auna mu da shi, a jikin wa aka gwada shi?

A fannin ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam tambayar ta fi ciwo. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta buga littafin J. C. Carothers, likitan Turawan mulki da ya riƙe asibitin Mathari a Nairobi, mutumin da ya kwatanta lafiyayyen ɗan Afirka da Baturen da aka yi wa fiɗa a gaban ƙwaƙwalwa. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne baƙar fata bai cika kamuwa da ciwon damuwa ba, wai tunaninsa bai kai zurfin haka ba. Ɗan Najeriya ne, Thomas Adeoye Lambo, ya rushe wannan magana. A 1954 ya fara kwantar da masu jinya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya, binciken da ya yi da masanan Jami'ar Cornell kuma, wanda ya fito a 1963, ya nuna damuwa na nan cikin mutanenmu kamar ko'ina. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka sai a 2021 ta nemi gafara kan rawar da fanninta ya taka wajen wariya. Mu kuwa dokar mahaukata da Turawa suka kafa a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, wadda hankalinta ya fi karkata ga tsarewa fiye da warkarwa, ita muka riƙe har Janairun 2023.

Ragowar wannan tarihi yana nan cikin takardun da ake aiki da su yau. Wani bincike na 2008 ya gano kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake nazari a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma suke, waɗanda kashi 12 ne kacal na al'ummar duniya. Takardar tambayoyi tara da aka fi amfani da ita wajen gano ciwon damuwa, PHQ-9, a asibitocin Amurka aka gwada ta, ɗaya daga tambayoyinta kuma tana neman sanin ko mutum na kasa tattara hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. A kai wannan gaban matar da ta gudo daga Tabanni zuwa Gandi bayan harin da aka kai garinsu a Yulin 2018, ko wadda mijinta ke cikin mutum sama da 40 da aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Abin da za ta ce shi ne gabanta na faɗuwa, jikinta ya mutu, kanta na zafi, tunani ya yi mata yawa. Idan aka tambaye ta ko ta yanke ƙauna, za ta ce alhamdu lillahi, domin tarbiyya da imani ba su bar ta ta ce wani abu dabam ba. Takarda ta rubuta lafiyarta ƙalau, a ba ta farasitamol da maganin zazzaɓi, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kuwa ba za ta gan shi ba sai ranar da abin ya kai a ɗaure ta.

Na san abin da mai karatu zai ce: likita baƙi, mara lafiya baƙi, ina wariya ta shigo? Kuma wanda ba shi da ko tukunyar oksijin, ina ruwansa da kuskuren na'ura? Rabin maganar gaskiya ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, kuma babu Baturen da ya hana gwamnoninmu ɗaukar ma'aikata ko gyara hanya. Duk wanda ya fake da wannan nazari don ya wanke shugabanninmu, ya ci amanar marasa lafiya. Sai dai na'ura ba ta duba fatar mai riƙe da ita. A Michigan likita na iya tura jini ɗakin gwaji ya tabbatar. A karkarar Rabah ta Sakkwato lambar nan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Inda kayan aiki suka yi ƙaranci, nan ne kuskurensu ya fi tsada.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna: irin wannan magana na iya ƙara wa mutane gudun asibiti. Mun ga haka. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara yayin annobar sanƙarau a Kano. Cikin yara 200 da gwajin ya shafa, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009, kamfanin bai amsa laifi ba. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan ashirin, yaranmu suka shanye a banza. Amma me ya haifi jita-jitar? Ɓoye-ɓoye ne, da yi wa mutane abu ba tare da an yi musu bayani da harshensu ba. Mutumin da aka gaya wa cewa na'urar na da amfani amma takan yi kuskure a kan fatarsa, don haka ma'aikaci zai ƙirga numfashin yaro ya dubi shigar ƙirjinsa kafin ya sallame shi, ya fi kusa da yarda fiye da wanda ya tsinci labarin a Facebook da ƙarin gishiri.

Tambayar nan kuma ba Turawa kaɗai take tuhuma ba. Makiyayiyar da Fulatanci ne bakinta, wa ke yi mata tafinta a ɗakin haihuwa? Sau nawa ake kiran mara lafiya baƙauye don bai gane takardar da aka rubuta da Turanci ba? Cutar Noma, mai zaizaye baki da fuskar yaran talakawa, tana da asibitinta a Sakkwato tun 1999, amma sai Disamban 2023 aka sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci. Ko a nan gida, 'yan boko nawa suka san da ita?

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya karanta littattafan likitancin Larabawa, sannan ya zauna ya rubuta nasa a kan ciwon ido da basir domin mutanen da ke gabansa. Aikin da ke gaban jikokinsa bai fi ƙarfinsu ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na iya kwatanta na'urorin da ke kasuwa da gwajin jini a jikin Sakkwatawa, ya faɗa wa ma'aikatar lafiya ta jiha wadda za ta saya da wadda za ta bari. Likitocin Kware kuma su je Gandi da Goronyo su saurari kalmomin da mata ke faɗi, su gina tambayoyinsu daga nan, da Hausa da Fulatanci, su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda su ne kaɗai likitan da yawancin mutanen yankin za su taɓa gani.