Uwar Garke Ba Ta Kiwon Kanta

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara bin sahu da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Mu kanmu a kwamfuta muke zana jarrabawar cancanta ta TRCN. Alƙibla dai ta bayyana, saura tambaya guda: wa zai kula da na'urar da nauyin duka ya rataya a wuyanta?

A ɗakin jarrabawa irin wannan akwai kwamfuta guda da ake kira uwar garke. Ita ke ajiye tambayoyi, ta rarraba su ga sauran kwamfutoci, ta karɓi amsoshi. Idan ta tsaya, ɗakin duka ya tsaya. Amma horon da aka saba ba mu bai wuce buga takarda da lissafin maki ba. Sai a wayi gari makaranta na da kayan miliyoyin naira a kulle, ana jiran ɗan kwangila daga birni.

Abin da muke nema ba digirin injiniya ba ne. Malami ya san babbar manhajar da ke tafiyar da uwar garke, Windows Server ce ko Linux. Ya iya buɗe wa kowa asusunsa tare da iyakance masa izini, don kada ɗalibi ya kai ga fayil ɗin maki. Ya iya kwafe bayanai a wata ma'ajiya daban, ya kuma gwada dawo da su. Ya riƙa sabunta manhaja, ya karanta rajistar da ke nuna wanda ya shiga da lokacin shigarsa, ya kashe na'ura bisa ƙa'ida kafin batiri ya ƙare. Ubuntu, ɗaya daga nau'o'in Linux, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta ta isa a yi atisaye.

Wasu abokan aikinmu na ganin wannan ƙarin kaya ne ga wanda ya riga ya jigata. Suna da hujja, shi ya sa muka gindaya sharuɗɗa: a horar da aƙalla malamai biyu a kowace makaranta, don kada canjin wurin aiki ya tafi da ilimin, a rage musu darussa, a lissafa aikin wajen ƙarin girma.

Muna kira ga shugabannin reshe su gabatar da wannan buƙata ga Ma'aikatar Ilimi kafin a kammala kasafin baɗi. Ranar da na'ura ta ƙi tashi ɗalibai na zaune, malami za a fara tuhuma. Adalci ne a koya masa aikin tun kafin ranar ta zo.