Gida A Cikin Mota: A Fara Da Kujerar Yara Kafin A Zo Kan Gado



Duk mai leƙa YouTube ko Instagram ta san bidiyon nan na Turawa da ke sayen babbar motar ɗaukar kaya, su kwashe cikinta kaf, su mayar da ita ɗaki da kicin, sannan su kama hanya. Abin ba sabo ba ne a wurinsu. Tun farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia na Jamus ke mayar da ƙananan bas na Volkswagen ɗakin kwana. Amma tun daga lokacin korona a 2020, da tafiya ta jirgi da kwanan otal suka yi wuya, sai harkar ta ƙara bunƙasa a Turai da Amurka.

Wata 'yar uwarmu da ke zaune a Ingila ce ta jawo mu kan wannan batu. Maigidanta ya sayi tsohuwar Ford Transit, yana so su gyara ta don yawon hutun makaranta da yaransu uku, tana tambayar inda ya fi dacewa a sa gado da inda za a sa kicin. Ni kuwa a ganina akwai tambayar da ta riga waɗannan biyun, wato ina yaran za su zauna idan mota tana gudu?

Yawancin bidiyon da muke kallo na mata da miji ne marasa yara, wani lokaci da karensu. Kujerun gaba sun ishe su, duk bayan motar kuma ya zama wurin ado. Mai iyali ba ta da wannan sararin. Irin wannan mota galibi kujera uku ce a gaba, har da ta direba. Iyali mai mutum biyar na buƙatar ƙarin kujeru biyu a baya, kuma ba kowane benci ne kujera ba. Bencin katakon da kafinta ya buga a gefe, aka ɗora masa matashi mai kyau, na zaman hira ne idan an tsaya. Kujerar tafiya dole ta zama wadda masana'anta suka gwada ƙarfinta, mai bel, a ɗaure da ƙarfen jikin motar, tana kallon gaba. Yaron da ke zaune a kaikaice, bel ba ya riƙe shi yadda ya kamata idan aka yi karo. Gado kuwa ba wurin zama ba ne sam sam matuƙar taya na juyawa, komai kukan yaro da barci.

Doka ma tana nan. A Birtaniya, yaro zai ci gaba da zama a kujerar yara ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya fara cika. A Jamus santimita 150 ne, don haka masu niyyar tsallakawa Turai su lura. Kujerar jariri mai kallon baya ba a ɗora ta a gaba muddin jakar iskar nan mai fashewa lokacin haɗari tana kunne. Sannan duk gyaran da aka yi wa motar, musamman ƙarin kujeru, a sanar da kamfanin inshora, kada a zo ranar buƙata su ce ba su san zancen ba.

Kujerun nan biyu za su cinye wuri mai yawa, kuma daga abin da suka rage ne za a yanka sauran gidan. Shi ya sa nake cewa a fara da su.

Sai gado. A nan faɗin mota ne ke yanke hukunci. Fiat Ducato, wadda masu wannan aiki a Turai suka fi so, faɗin cikinta ya kai kusan mita 1.87, don haka ana iya shimfiɗa gado a gicciye a ƙarshen mota, a samu ragowar fili. Mercedes Sprinter ta fi ta ƙunci kaɗan. Kuma ku tuna, auduga mai tare sanyi da katakon da za a lulluɓe bango da su za su ƙara rage wasu santimita ta kowane gefe. Idan maigida dogo ne, a gwada shi da tef tun kafin a sayi katifa.

Akwai masu son gado mai naɗewa, da rana teburi da benci, da dare shimfiɗa. A hoto yana da kyau. Amma duk uwar da ta taɓa lallaɓa ɗan shekara biyu har ya yi barci ta san abin da ake nufi da a ce sai an kwashe kwanuka, an sauke teburi, an jera matasai kafin a kwantar da shi. Ni na fi karkata ga gado tsayayye da aka ɗaga sama, ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiyar keken yara, akwati da takalma. Yara kuma a yi musu gado mai hawa biyu da shinge a gefe, ko a sa rufin nan mai ɗagawa sama kamar tanti, idan sun yi wayon hawa tsani.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne nauyi. Lasisin tuƙin da yawancin mutane ke da shi a Birtaniya da Tarayyar Turai ya tsaya ne a kilo 3,500, kuma wannan lissafin ya haɗa da motar, da mai, da mutane, da duk abin da aka loda. Babbar mota irin wannan, ko babu komai a cikinta, tana kai tan 2 ko fiye. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 100 ya ci kilo 100 ke nan. A ƙara katako, batir, firij, tukunyar gas, mutum biyar, da kayan da mu mata ba ma iya tafiya babu su (kun san kanku), sai a ga lissafi ya cika tun ba a sa tukunyar miya ba. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima birkinta ba ya kamawa da wuri. Kaya masu nauyi, irin tanki da batir, a ajiye su ƙasa ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a kuma raba su dama da hagu. Durowar sama ta tufafi ce da tawul. Kowace durowa a sa mata sakata mai ƙarfi, domin a birki ɗaya na gaggawa gwangwanin madara zai iya tashi ya sami kan yaro.

Kicin ya fi dacewa kusa da ƙofar gefe mai zamewa, inda tururi da ƙaurin girki za su fita, kuma uwa na iya hango yara suna wasa a waje. A nisanta murhu daga labule da gadon yara.

Batun iska kuwa kada a yi wasa da shi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Saboda haka tukunyar gas tana buƙatar akwatinta a rufe, da rami a ƙasan motar da zai fitar da yoyon waje. Ƙwararre ne zai haɗa bututun, ba maƙwabci mai ɗan sani ba. Akwai kuma gubar da wuta ke fitarwa idan ba ta samun isasshiyar iska, wadda ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai gubar da ke hallaka iyalai a nan gida idan aka kwana da janareto a cikin gida, ko aka shigar da gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da taga lokacin hunturu. Cikin mota ya fi kowane ɗaki ƙanƙanta, ga numfashin mutum biyar. Dole a sa fanka ko taga a rufi, a maƙala ƙararrawar da ke gano wannan guba, kuma kada a taɓa kunna murhun girki don jin ɗumi da dare.

Ban-ɗaki da wurin wanka suna cin wuri sosai, kuma sansanonin da ake kwana a Turai galibi suna da nasu. Amma ɗan ƙaramin masai mai ɗaukuwa, da za a tura ƙarƙashin benci, ba a rasa shi a motar da ke da yara. Ƙarfe uku na dare ba lokacin fita neman bayan gida ba ne.

Kafin a yanka katako ko ɗaya, a samo salatif na takarda a zana komai a daɓen motar, a jera kwalaye a matsayin durowa da kicin. Sai iyali duka su shiga, a rufe ƙofa, a yi kamar ana ruwan sama a waje. Uwa ta tsaya a wurin murhu, a ce wa yaro ɗaya ya wuce zuwa gado, wani ya buɗe firij. Duk inda aka yi karo, a matsar da kwali tun yanzu, domin bayan an ɗaure kusa sai da kuɗi.

Wadda ta taɓa irin wannan tafiya da yara, ta faɗa mana a ƙasa yadda ta tsara kujerunsu. Sai mako mai zuwa.