Zancen Malami: Poka, Kartar da Ta Shigo Waya

Yaranmu na Wudil sun fara tambayarmu labarin poka, kartar Amurka da suke gani a waya. To, ga tushenta. Karta 52 ce, kowa ya haɗa biyar. Biyu masu lamba ɗaya sun fi barkatai, uku sun fi biyu, huɗu sun fi uku. Ana zuba kuɗi bi da bi. Wanda ya tsorata ya janye, ya rasa abin da ya zuba. Mai gidan caca kuwa yakan cire rabonsa ko wa ya ci, sabon shiga ne ke ciyar da kowa. Iyaye, kafin mu aiki yaro kasuwar Juma'a da kuɗin akuya, mu zauna mu yi masa wannan lissafi, gama tsawa kaɗai ba ta isa ba.