Fayil ɗin gado

'Yan uwana 'yan arewa masu karatun kwamfuta a nan kudu, musamman 'yan aji huɗu, yau da ku nake.

Kun san functions.php ɗin nan da ke yawo a fulash da WhatsApp tun zamanin yayyenmu. Shi ke haɗa shafi da rumbun bayanai, shi ke duba kalmar sirri, shi ke tura imel. Duk wanda furojet ya kama sai ya kwafa. Ni ma na kwafa, ba zan ɓoye ba.

Makon jiya a wajen difens, malami ya buɗe shafin shiga na wani abokina, a gurbin suna ya rubuta ' OR 1=1 -- ya danna. Sai ga shi a ciki a matsayin admin. Wallahi gumi ya keto wa bawan Allah cikin kwat ɗin aro. Aka tambaye shi wa ya rubuta wannan layin, ya yi shiru.

Ni ban ga laifin amfani da kod ɗin wani ba, Laravel ma ai wasu ne suka rubuta. Matsalar namu ita ce ba shi da mai shi. Har yau da md5 yake ɓoye kalmar sirri, alhali password_hash ya shigo PHP tun 2013. Akwai kwafin da ke kiran mysql_query, wanda PHP 7 ta cire a 2015, shi ya sa wasunku ke maƙale da tsohon XAMPP. In wani ya gano kuskure ya gyara, gyaran a laftof ɗinsa zai mutu, sauran mu ci gaba da rabon mai ciwon.

Mu ajiye shi wuri ɗaya a GitHub. A sake rubuta shi da PDO, ta yadda abin da mutum ya shigar ba zai gauraya da umarnin SQL ba. A ƙara abin da kullum muke buƙata, kamar mayar da 0803 zuwa +234 da lissafin kuɗi a kobo. Kada gyara ya shiga sai mutum biyu sun karanta.

Na san za a ce malamai za su kira shi satar amsa. To ka faɗa wa sufabaiza tun farko, ka rubuta a babi na uku, kuma ka iya bayanin kowane layi.

'Yan aji uku, ku ma ku zo, ku za mu bar wa in mun tafi bautar ƙasa. Asabar bayan la'asar, bakin masallaci. A zo da laftof mai caji, kun san halin wuta.